Kintinkirin takalmin 'yan rawar bale

Sani, jiya da matar nan ta Surulere ta kawo takalman 'yarta ka ce da ni, "Maigida, me ya hana mu ɗora su a keke mu huta, kuma ina ruwan tela da koya wa yarinya ƙulli?" Shago ya cika a lokacin, ga amsarka yanzu.

Takalmin nan na rawar bale ne, wanda ake tsayawa da shi a kan tsinin yatsu. Bakinsa yadi ne da takarda da gam aka jera har ya yi tauri. Kamfanoni irin su Freed na Landan da Bloch sukan sayar da shi ba tare da an ɗinka kintinkiri ba, don ƙafar kowa da irin lanƙwasarta. Tun 2020 da bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, yana rawar bale cikin ruwan sama ya zaga duniya nake ganin aikin yana ƙaruwa a nan Legas, shi ya sa nake so ka iya shi.

Kintinkirin kan zo dogo, mita biyu da 'yan kai, ka raba shi huɗu. Ka naɗe dunduniyar takalmin zuwa ciki ta kwanta. Inda naɗin ya tsaya a gefe, nan ne wurin ɗinki. Ka ninka bakin kintinkirin, ka ɗan karkata shi gaba, ka ɗinka da hannu a jikin shafin ciki kawai. Keke zai huda satin ɗin waje, ya kuma kama zariyar da ke zagaye bakin takalmin, daga nan ba ta sake jawuwa. Ɗaya bakin ka ɗan nuna masa ashana don kada ya warware.

To, ƙullin. Yarinya ta durƙusa da gwiwa ɗaya, tafin ƙafa a ƙasa, ba a kan yatsu ba. In ta ɗaure tana tsaye a tsini, da ta sauko zai shaƙe mata ƙafa. Ta ɗauki na ciki tukuna, ta gitta shi a saman ƙafa, ya zaga idon sawu ya dawo ciki. Na waje ya gitta a kansa, ya bi sawun na farko, su kwanta lumui babu murɗewa. Sai ta ƙulla sau biyu a ɗan ramin nan da ke tsakanin ƙashin idon sawu na ciki da agara. Taɓa naka ka ji, akwai wurin da yatsa ke nutsewa. Kada ƙulli ya hau kan agara ko kaɗan. Jijiyar ce ke ɗaga ta, in ana danne ta kullum kumburi za ta yi. Ba a yin ƙullin ado mai kunnuwa. Ragowar a naɗe a cusa ƙarƙashi.

Abin da ya sa nake tsayawa sai na ga an ƙulla a gabana: a farkon farawata na taɓa ɗinka wa wata yarinya kintinkiri ya yi baya da yawa. Bayan mako ta dawo da gefen takalmin a buɗe, uwarta ta ce ƙafar sai gocewa take. Har yau abin na damuna. Sai an ɗaure a ƙafa ake gane ko ɗinki ya zauna.

Ka kuma gaya musu su riƙa shanya takalmin a inuwa bayan rawa, kada su kulle shi a leda, don laimar Legas na saurin sakin gam. Gobe akwai ƙafa biyu da za a kawo, kai za ka ɗinka ina kallo.