Shin ya halatta mu ɓoye wa mahaifinmu cewa yana da kansar huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu mai shekara 68 ya yi wata biyar yana tari, ana ta ba shi maganin tibi ba sauƙi. Da aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi tsoka aka auna, likita ya ce ciwon daji ne na huhu, mataki na huɗu, har ya taɓa ƙashi. Yayanmu ya ce a ce masa ciwon sanyi ne don kada hankalinsa ya tashi. Baba yana cikin hayyacinsa, kuma ɗan kasuwa ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce.

Ya halatta ku jinkirta faɗa masa na 'yan kwanaki, ku zaɓi lokaci da lafazi. Amma ku yi masa ƙarya, ko ku ɓoye masa har abin ya fi ƙarfinsa, wannan bai halatta ba. Niyyar yayanku mai kyau ce, sai dai akwai haƙƙoƙin da ba sa sauka sai da saninsa.

Na farko, jikin nasa ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta tabbatar da cewa sai da izinin maras lafiya mai cikakken hankali ake yi masa magani. Ƙarin ruwan kemo, wato maganin ciwon daji da ake sa wa ta jijiya, wanda galibi ake yi duk bayan mako uku, yana kawo amai da kasala da raunin garkuwar jiki. A mataki na huɗu yawanci manufarsa rage ciwo da ƙara kwanaki ce, ba warkarwa ba. Ba ku da hurumin sa hannu a madadinsa alhali yana zaton sanyi ake yi wa magani. In ya ji bayani ya ce ba ya so, bai yi laifi ba, domin magani irin wannan ba wajibi ba ne.

Na biyu, bashi da wasiyya, kuma nan ne ɗan kasuwa ya fi shiga haɗari. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Kayan da ya karɓa bashi, ajiyar mutane, kuɗin adashe, filin da aka saya da baki kawai: da yawa a kansa suke, ba a takarda ba. A mazhabar Malikiyya kuma, wanda ciwo mai tsoratarwa ya kwantar, kyautarsa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. In aka bari sai numfashi ya yi wuya, abin da zai biyo baya rigimar gado ce.

Yadda za ku yi: mutum ɗaya ko biyu da ya fi sakewa da su su zauna da shi tare da likita, ba taron dangi ba. A fara tambayarsa me ya fahimta game da ciwon, da iyakar abin da yake son ji. In ya ce a yi magana da babban ɗansa kawai, to ya wakilta shi, sai dai a tuna masa batun bashi. Kada kowa ya ƙayyade masa watannin da suka rage masa a duniya. Wannan kiyasin likita ne, ajali yana wurin Allah.

Sai dai in likita amintacce ya tabbatar cewa sunan cutar zai jawo masa babbar illa. A nan ya isa a ce masa ciwon mai tsanani ne, ya kimtsa al'amuransa, ba tare da ƙarya ba.

Wallahu a'alam.