Tambaya da Amsa: Wakilcin karatu da kulle fayil a NFS, wanne zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina aikin ƙarshe na makaranta, ina ƙara wa kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sashen NFS4, siga ta huɗu ta tsarin raba fayil tsakanin kwamfutoci ta netiwok. Karatu da rubutu duk suna tafiya lafiya, saura wakilcin karatu wato deligeshan da kuma kulle fayil. Wanne ya kamata in fara? Sannan in kilayan, wato kwamfutar da ke neman fayil, ya riga ya samu wakilcin karatu, ba zai iya kulle fayil ɗin da kansa ba sai ya je wurin saba, wato kwamfutar da fayil ɗin yake ajiye a cikinta?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, tambayar nan ta yi min daɗi sosai. Ka fara da kulle, kar ka taɓa wakilci tukuna, kuma zan faɗa maka dalili.

NFS ɗin da kamfanin Sun ya fito da shi a 1984 an gina shi ne saba ba ta riƙe komai game da kilayan, har zuwa NFS3 kulle fayil a gefe yake, wasu manhajoji biyu daban, lockd da statd, su ne ke yin sa. Da NFS4 ya zo sai aka haɗe komai a ƙofar netiwok guda mai lamba 2049, buɗe fayil da kulle shi da wakilci duk suka koma ƙarƙashin wa'adi guda ɗaya, a Linux daƙiƙa 90 ne in ba ka canza ba. Kilayan zai riƙa sabunta wa'adin nan, in ya yi shiru har ya wuce toh saba na da damar kwance duk abin da ya riƙe ta bai wa wani. Kaga kenan in ka gina kulle da kyau ka riga ka gina lambar gane kilayan, da lambar kowane buɗi, da agogon wa'adi, da lokacin rangwame bayan saba ta mutu ta tashi, lokacin da tsofaffin masu kulle kaɗai ake saurara su karɓi nasu, duk wanda ya zo da sabuwar buƙata a ce masa NFS4ERR_GRACE ya jira. Wakilci a kan waɗannan yake zama, ba su babu shi.

Shi wakilcin karatu alkawari ne kawai, saba tana ce wa kilayan fayil ɗin nan ba wanda zai canza shi sai na sanar da kai. Shikenan sai kilayan ya daina zuwa tambaya duk bayan ɗan lokaci ko fayil ya canza, yana buɗewa yana rufewa daga abin da ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa. Ana iya bai wa kwamfutoci da yawa na karatu a lokaci guda, na rubutu ne ake bai wa ɗaya tak.

Toh a nan ne mutane suke ruɗewa, suna ganin bayarwar ce aikin. Wallahi bayarwa layi kaɗan ne a kod, karɓowar ce wahala. Ka kunna Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netiwok, ka kalla da idonka. Kwamfuta A tana riƙe da wakilcin karatu, sai B ta zo za ta buɗe fayil ɗin don rubutu, saba ba za ta ba ta ba, za ta ce mata NFS4ERR_DELAY wato ta ɗan jira, a daidai lokacin ta aika wa A da CB_RECALL, saƙon ta dawo da wakilcin. A kuma ba cilla wakilcin za ta yi kawai ba, duk buɗin da ta yi a gida saba ba ta sani ba sai ta fara kai shi wurin saba da CLAIM_DELEGATE_CUR, sannan ta aika DELEGRETURN ta mayar da wakilcin, sai B ta sake gwadawa ta samu. In A ta manta da matakin tsakiyan nan, manhajar da ke karanta fayil ɗin za ta ci gaba da riƙe buɗin da saba ba ta san da shi ba, kuma irin wannan kuskuren ba ya bayyana ranar gwaji, sai an daɗe ana aiki ya fito.

Kuma kar ka ba da wakilci sai ka tabbata kana iya kiran kilayan. A NFS4.0 saba ce ke buɗe wata hanya daban zuwa wurin kilayan, in akwai fayawol mai tare saƙonni ko NAT mai ɓoye adireshin kilayan a tsakani kiran ba zai isa ba, shi ya sa ake fara gwada CB_NULL, kiran gwaji ne kawai, in ba amsa a bar maganar wakilci, aiki ya ci gaba ba shi. A 4.1 da ya fito a 2010 kiran yana bin hanyar da kilayan ya buɗe da kansa, in kana da zaɓi ni dai 4.1 zan ce ka kama.

Tambayarka ta biyu, amsar a'a ce. RFC 7530, kundin ƙa'idojin NFS4, ya fayyace, mai wakilcin rubutu ne zai iya yin kulle a gida, mai na karatu duk wani kulle sai ya tura wa saba, har da kullen karatu. Dalilin a fili yake, ba shi kaɗai ne mai wakilcin ba, yana iya zama su goma ne, kuma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya kulle sai saba.

Gwaji ɗaya nake roƙonka ka yi kafin ka kai wa malaminka aikin. Ka bai wa A wakilci, ka zare mata wayar netiwok, ka sa B ta nemi rubutu. Ka riƙe agogo. Dole B ta samu fayil ɗin bayan wa'adin ya cika, kada ta rataye har abada. Sannan ka mayar wa A wayarta ka duba, ya kamata ta gane an ƙwace wakilcin ta zubar da tsohon abin da ta ajiye ta sake karantowa daga saba. Ka rubuto min abin da ka gani a gwajin nan, musamman abin da A ta yi bayan ta dawo.