Tambaya da Amsa: Gansakuka ta cinye min tankin murjani, an ce wai fosfet ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai karatu ne daga Abuja, ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300, wata takwas kenan da haɗa shi, akwai kifi bakwai a ciki da ƴan murjani masu rai. Matsalata gansakuka ce, koriya mai kama da gashi, ta rufe duwatsun gaba ɗaya har ta fara hawa kan murjanin, su kuma duk sun dawo ruwan ƙasa babu kyan gani. Na auna fosfet naga 0.5 ppm (wato kashi cikin miliyan), na canza ruwa har sau uku a sati biyu amma kullum in na sake aunawa sai in ga yana nan inda yake. Da ruwan bohol nake kwaɓa gishirin. Wani a shago ya ce in zuba wani magani da zai kawar da shi cikin kwana ɗaya. Dan Allah ya zanyi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai dai, maganin nan na kwana ɗaya ajiye shi tukuna, zan zo kansa.

Shi fosfet ɗin nan ba wani baƙon abu bane, shine dai P ɗin da ke tsakiyar NPK na buhun kamfa, shine kuma takin supa da manoma ke zubawa gyaɗa. To kaga kenan tankinka gona ce da aka yi wa taki, ga haske awa goma a kai, ai dole ciyawa ta fito. Murjanin ma akwai wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin namansa suna ciyar da shi, in taki ya yi yawa sai su hayayyafa su rufe masa launi, shi yasa kaga naka sun koma ruwan ƙasa. Ga kuma cewa fosfet mai yawa yana rage wa murjani mai ƙashi saurin gina ƙashinsa. Masu harkar yawanci tsakanin 0.03 zuwa 0.1 suke son riƙe shi, naka 0.5 ya yi sama sosai amma ba abin tashin hankali bane, ba zai kashe maka kifi ba.

Abin da yasa canjin ruwa bai yi maka aiki ba, nan ne mutane da yawa basu gane ba. Duwatsun nan da yashin da ke ƙasan tankin dangin alli ne, kuma suna kama fosfet su riƙe kamar yadda soso ke riƙe ruwa, wata takwas kenan suna sha, abin da ke jikinsu yanzu ya ninka wanda ke yawo a cikin ruwan nesa ba kusa ba. In ka canza kashi 20 cikin 100 na ruwan, lissafi zai ce ya sauka zuwa 0.4, amma kafin kwana biyu uku duwatsun sun sako wani ya cike gurbin, sai ka ga kamar banza ka yi. Kai kuma naka ma da ƙari, domin ruwan da kake sakawa sabon na bohol ne, wataƙila ma shi ke shigo maka da shi. Ka ɗebi ruwan bohol ɗin ka kwaɓa da gishiri a bokiti mai tsafta ka auna shi kafin ya shiga tanki, zaka ga gaskiyar magana da idonka. Fiya wata ma ba mafita bace. Abin da ake so shine matatar RO/DI, wato na'urar da ke tace gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa, da ɗan mitan TDS mai auna abin da ya rage narke a ciki, da zai nuna maka 0 a ruwan da ke fitowa, in ya fara nuna 1 ko 2 to lokacin canza resin ɗin, wato ƴan ƙwayoyin da ke cikin matatar, ya yi. Eh da tsada, amma wallahi ta fi duk magungunan da zaka saya amfani.

Sai abinci. Duk abin da ka jefa wa kifi akwai fosfet a ciki, ko sun ci ko basu ci ba ƙarshe cikin ruwan zai koma. Ban ce ka bar su da yunwa ba, amma ka ba su iya abin da zasu cinye a minti ɗaya zuwa biyu, ka kashe fanfon yayin da suke ci don kar abincin ya tafi bayan duwatsu ya ruɓe. Safar tace ruwa a wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku, kofin sikima, wato na'urar nan da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, a zubar a goge wuyansa. Gansakukar kuma ka riƙa cizge ta da hannu kana fitarwa waje, domin duk wadda ka fitar ta tafi da fosfet ɗin da ta sha, wadda ta mutu a ciki kuwa mayar da shi take yi.

In ka toshe waɗannan ƙofofin sai a zo maganar cirewa. Ni abin da nafi yarda da shi wa mai farawa shine GFO, wani gari ne ja mai kama da tsatsa, a gaskiya ma dangin tsatsar ne, irin su Rowaphos da PhosBan. Ana ɗauraye shi da ruwan RO har jan ya daina fita, a saka a riyakta, wato ɗan bututun da ake tura ruwa ta cikinsa, ko a jakar raga inda ruwa ke wucewa, kar ya riƙa tafasa yana niƙe kansa, saman kawai ya ɗan riƙa motsi. Ka fara da rabin abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ko ma kwata. Wannan da ciwo nake faɗa maka, shekarun baya na cika riyakta taf saboda na gaji da ganin gansakuka, cikin kwana uku fosfet ya faɗi ƙasa warwas ina ta murna, ranar ta biyar na tashi da asuba na haska tocila naga wani murjani mai ƙashi irin Acropora da na shekara biyu ina rainonsa naman yana saɓulewa daga gindi, ƙashin fari fat, kafin magariba ya tafi gaba ɗaya. Murjani yana iya sabawa da fosfet mai yawa, abin da baya jurewa shine a fizge masa shi lokaci guda. Ni ƙa'idata yanzu kar ya sauka fiye da 0.1 a sati, in ya kusa 0.1 kuma in ƙara sassautawa. Da fari GFO ɗin zai riƙa cika da wuri saboda duwatsun na ta sakowa, kar ka karaya, wata biyu zuwa uku ka sa a ranka. Ka riƙa duba alkaliniti ma, wato ƙarfin ruwan na hana kansa yin tsami, don yakan ɗan ja shi ƙasa.

Maganin shagon nan kusan tabbas lanthanum chloride ne. Yana aiki, babu ƙarya, haɗuwa yake da fosfet su zama farin gari a cikin ruwa, amma dole a riƙa ɗiga shi a hankali cikin safa mai ƙananan ƙofofi kamar maikiron 5 zuwa 10 don ta kama garin, in ba haka ba ruwan ya yi hazo, kuma masu kiwo da yawa sun ga yana wahalar da numfashin kifin adon nan da ake kira tang, musamman rawayan. Ba na mai wata takwas bane. Akwai kuma masu ɗiga khal don ƙwayoyin bakteriya su yawaita su ci takin sikima ta kwashe su, sai dai wannan ya fi cin naitiret, wato wani takin da ke taruwa daga kashin kifi, akan fosfet, kuma yana rage iskar da ke cikin ruwa, mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama in baka da inbata mai ƙarfi ban baka shawara ba. In kana da wuri a ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban gara ka saka ciyawar Chaetomorpha da fitila da dare, kana yankewa kana zubarwa.

TAMBAYA: Malam ni daga Jidda nake rubutowa, ni abin auna fosfet ɗina 0 yake nunawa amma wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi da ƴan kumfa ya rufe yashin, katantanwata biyu sun mutu. In ƙara GFO ne?

AMSA: A'a Hajiya, cire ma wanda ke ciki zaki yi yau ɗin nan. Yadda kika kwatanta ya yi kama da abin da ake kira dino, wasu ƙananan halittu da ke taruwa kamar gansakuka, kuma shi yafi samun gindin zama ne idan fosfet da naitiret sun ƙare ƙaf, wasu nau'insa da guba, shi yasa katantanwar suka mutu. Ki ɗan ƙara abinci har fosfet ya taso 0.05 zuwa 0.1, naitiret kuma wajen 5 zuwa 10, ki saka gawayin tace ruwa saboda gubar, ki dakata da canjin ruwa na sati biyu. Kuma abin aunawa na ɗiga ruwa a duba kala baya gani da kyau a ƙasa-ƙasa, ki nemi mitan kamfanin Hanna mai nuna lamba. In mai auna fosforas ne a ppb (kashi cikin biliyan) kika samu, ki ninka lambar da 3.066 ki raba da 1000 don ki mayar da ita fosfet, misali 20 zata baki kusan 0.06. Ki sake rubuto min bayan sati biyu da abin da ya nuna.