Agogon bango daban, agogon firosesa daban

Tambaya: Malam, na sa manhajata ta C ta jira daƙiƙa 5 da sleep(), na auna da clock() a Linux, sai ya ba ni kusan sifili. Laburaren ne ya lalace?

Amsa: Laburare lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa, kai ne ka ɗora wa clock() aikin da ba nasa ba. Wallahi wannan kuskuren yana damuna, domin da shi ɗalibai suke cika rahotonsu da alƙaluman banza. Abin da clock() yake ƙirgawa shi ne lokacin da firosesa ya ɓata yana yi wa manhajarka aiki. Manhajar da ta kwanta barci, ko take zaman jiran faifai ko intanet, ba ta sa shi gumi ba, to me zai rubuta mata? Haka nan in ka raba aiki kan ƙwayoyin firosesa 4, suka yi daƙiƙa 10 tare, wajen 40 za ka gani, ka dawo kana ce mini kwamfutarka ta haukace.

Rubuta umarnin time kafin sunan manhajar a layin umarni na Linux, ka gani da idonka. Layi uku ne za su fito: real shi ne lokacin agogon bango, user na lissafin manhajarka, sys kuma na hidimar da tsarin kwamfutar ya yi mata. Biyun ƙarshen ne clock() yake haɗawa. Ka kuma kiyayi Windows, can clock() ɗin Microsoft lokacin bango yake bayarwa. Shi ya sa ni clock_gettime() nake riƙe da shi: CLOCK_MONOTONIC in jiran mai amfani nake son sani, CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID in wahalar firosesa ce.

Tambaya: Na raba sakamakon clock() da CLOCKS_PER_SEC don in samu daƙiƙoƙi, sifili nake samu ko da aikin ya yi nauyi.

Amsa: 'Yar'uwa, rabon cikakkun lambobi kika yi, saura ya zube. Mayar da shi double, wato lamba mai riƙe saura, kafin ki raba da CLOCKS_PER_SEC, wanda a Linux 1000000 ne.

Tambaya: time.clock() ya daina aiki a Python ɗina.

Amsa: Barka da farkawa, tun fitowa ta 3.8 aka cire shi. Koma time.process_time() don lokacin firosesa, ko time.perf_counter() in na bango kake so.

Tambaya: Bayan awa ɗaya da 'yan mintuna ƙirgen clock() yakan koma baya.

Amsa: Tsarinka mai bit 32 ne, duk bayan kusan minti 72 na aikin firosesa ma'ajin yake cika ya sake daga farko. Yi amfani da getrusage().