Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mai Gyaran Mota Yake Bugun Wurin da Bai Lotsa Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanƙara ta lotsa mini rufin mota a wurare da yawa, sai na kai ta wurin masu gyaran da ba sa taɓa fenti. Mai gyaran ya tura na tsakiyar rufin ta ciki da sandunan ƙarfe, amma da ya zo gefen rufin da ke saman ƙofa sai ya liƙa gam ya ja, sannan ya ɗauko wata 'yar guduma mai doguwar ƙota yana bubbuga kewayen wurin, inda lafiyarsa ƙalau. Shin wannan gyara ne ko ƙarin ɓarna?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani gyara ne, kuma yana cikin mafi wuyar abin da masu wannan sana'a suke koyo. Za mu iya kiransa bugun saje, domin manufarsa ita ce a saje wurin da ya lotsa da sauran jikin motar har ido ya kasa rabe su.

Ƙarfen da ake rufe jikin yawancin motoci da shi kaurinsa bai wuce milimita 0.7 zuwa 0.8 ba, kuma idan wani abu ya buge shi, ƙarfen da ya nutse yakan ture na gefensa, ya tayar da ɗan tudu a bakin ramin wanda mai mota ba ya lura da shi. Wannan tudun shi ne yake riƙe ramin. Muddin ba a kwantar da shi ba, ko an tura ramin ta ciki ko an ja shi da gam, zai yi ta gardama, ko kuma tsakiyarsa ta taso ta bar zobe a kewaye. Saboda haka kashi na farko na bugun da ka gani, sassauta wannan tudun ne domin ƙarfen ya koma inda ya fito.

Kashi na biyu shi ne ainihin sajewar. Gefen rufin da ka ambata ƙarfe ne mai ninki, an haɗa shi da wani a ciki domin ya ƙarfafa motar, don haka babu ta inda sanda za ta shiga bayansa. Gam yana iya fito da mafi yawan ramin, amma sau da yawa yakan bar ɗan kwari mara zurfi da ba ya ƙara tasowa. A nan mai gyara yakan bi kewayen kwarin da bugu ƙanana masu yawa, yana farawa daga kusa yana faɗaɗawa waje, yana rage ƙarfin hannunsa yayin da yake nisa, har gangaren da yake a taƙaice ya bazu a fili mai faɗi. Idon mutum yana kama lotsawa ne ta yadda haske yake karyewa farat ɗaya a kan fenti, to idan karyewar ta zama a hankali a hankali, sai ido ya wuce bai tsaya ba.

Ya kamata in faɗa maka gaskiyar da ba kowane mai gyara ne yake faɗa ba: bugun saje ba ya mayar da ƙarfe daidai yadda ya fito daga kamfani, yana ɓoye ragowar ne ta hanyar raba shi. A ganina babu laifi a cikin haka idan an yi shi a inda sanda ba ta kaiwa, domin zaɓin da ya rage shi ne a kankare fentin asali, a shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, a sake fesawa, wanda ya fi rage darajar mota. Inda nake ganin laifi shi ne mai gyara ya koma ga guduma saboda ƙyuyar kwance rufin ciki, alhali da ya kwance zai iya tura ramin ya fita gaba ɗaya.

Doguwar ƙotar da ta ba ka mamaki tana da dalili. Mai gyara ba ya kallon ƙarfen kai tsaye, yana kallon hoton fitilar da ya kafa a gefe ne a jikin fentin, kuma sai ya ja baya ya karkata kansa kafin ya ga inda layin hasken ya kumbura ko ya tsuke. Ƙota mai tsawo ita take ba shi damar bugu daga inda yake hango wurin, kan gudumar kuma mara nauyi ne, an goge shi ya yi sumul kamar madubi domin kada ya bar tabo. Idan kana son ka gwada aikinsa, ka tsaya da motar a inda dogon layi, kamar na fitila ko na bakin gini, zai fito a jikin fentin, ka yi tafiya a hankali kana kallonsa ta ɓangarori biyu ko uku. Idan layin bai karye ba, aikin ya yi kyau.

Tambaya: Malam, ni ɗan koyo ne a wurin masu bugun jikin mota, ina son in fara wannan aikin. Shin gudumar da muke amfani da ita za ta yi, kuma akwai motar da ba a yi wa?

Amsa: Gudumarku ba za ta yi ba, domin an yi ta ne don ƙarfen da za a sake wa fenti, nauyinta kuma zai bar ramuka. Ka tuna cewa fentin kamfani, duk shafe-shafensa a haɗe, kaurinsa tsakanin milimita 0.1 ne da 0.2, kuma ƙwayar yashi ɗaya a kan guduma ta isa ta huda shi, shi ya sa ake goge kanta da wurin aikin a kai a kai. Ka fara koyo a kan tsohuwar ƙofa ko bonet da aka yar, kana bugu da wuyan hannu kawai, har ka iya sauke guduma a daidai inda idonka yake kallo.

Wurin da aka taɓa shafa wa fila ko aka sake fesawa, ka nisance shi, domin yakan tsage da ɗan bugu kaɗan, haka nan fentin da ya yi sanyi ƙwarai sai an ɗan ɗumama shi kafin a taɓa. Akwai kuma motocin da jikinsu na alminiyam ne, kamar Ford F-150 tun daga ƙirar 2015. Alminiyam ba ya son komawa siffarsa ta farko kamar baƙin ƙarfe, kuma yana saurin taurara idan aka yawaita bugunsa a wuri ɗaya, saboda haka ka manna maganaɗisu a jikin wurin kafin ka fara, idan bai kama ba ka bar wa wanda ya riga ka ƙwarewa.