Wanne ne na asali a zanen igiyar ruwan Hokusai?

Tambaya: Malam, hoton nan na ƙatuwar igiyar ruwa ta Japan da ake bugawa a riguna da murfin waya, na ji an ce yana gidan tarihi a Landan, wani kuma ya rantse min a Amurka yake. To wanne ne na gaske, wanne ne jabu?

Amsa: Duka na gaske ne ɗan'uwa, ai abin bugu ne kamar hatimi, ba zane guda ɗaya ba. Mai shi Katsushika Hokusai, an haife shi 1760 a Edo, wato Tokyo ta yanzu, kuma igiyar ta fito wajen 1831 cikin jerin hotunansa 36 na Dutsen Fuji, da suka samu kasuwa sai aka ƙara 10.

Ga yadda ake yi. Shi Hokusai zai zana da tawada a siririyar takarda, sai masassaƙi ya kife ta a kan allon itacen ceri ya manna, ya bi layukan da wuƙa yana fafe duk abin da ba layi ba, kafin ya gama takardar ta tafi ke nan, ka ga zanen hannun nasa ma aikin ne ke cinye shi. Sannan a sassaƙa wasu allunan na launuka, mai bugu ya shafa launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren, allo bayan allo. Dubbai aka buga, ana cewa kuɗin ɗaya bai wuce na taliya kwano biyu ba.

Abin da masana ke dubawa shi ne bugun farko ko na baya, don allo na cinyewa, a na baya za ka ga layi ya tsinke ko ya yi kauri. Shuɗin nan na igiyar kuwa daga ƙasashen waje aka shigo da shi Japan, a Berlin ta Jamus aka fara haɗa shi.

Ni abin da ke burge ni, mutumin ya kai shekara 70 lokacin da ya yi wannan aikin, ya sauya suna fiye da sau 30, kuma da kansa ya rubuta cewa duk abin da ya zana kafin 70 bai kai a kula shi ba. Ya rasu 1849, 'yarsa Oi na taya shi aiki. Tun 2024 igiyar na bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.