Tafiya kai kaɗai don koyon nitso a teku

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka tashi daga Kano kai kaɗai, ka je wani tsibiri ka koyi nitso da tulun iska a baya. Tafiyar ba laifi. Amma shiga ruwa kai kaɗai, kul! Ka'ida ce, bibbiyu ake nitsawa, kowa na lura da ɗan'uwansa.

Ni Zanzibar zan ce ka nufa. Yawancin mutanenta Musulmi ne, ba ka da fargabar abinci ko masallaci, ga murjani a kewayen Mnemba, wani ƙaramin tsibiri da ke kusa da ita. Ka dai kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin mamakon ruwa ne.

Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke tsara horon masu nitso, kwana 3 zuwa 4 ne, iyakarka zurfin mita 18. Za a sa ka iyon mita 200, don haka ka gyara iyonka tun a gida.

Ga inda na fi ji maka: kada ka taɓa riƙe numfashi kana tasowa, domin iskar huhu buɗewa take yi, tana iya yi wa huhun rauni. Kuma ka bar aƙalla awa 18 tsakanin nitson ƙarshe da hawa jirgin sama, don iskar naitirojin da jiki ke tarawa a ƙarƙashin ruwa ta fice daga jininka. In kana da asma, fara da likita.